Jan Kifin Ataa Ya Haɗiye Amorkor a Landan

Daren Laraba ne. Mun gama cin dokunu, tuwon masarar nan namu, da soyayyen kifi, ina bakin famfo ina wanke kwanuka, sai na ji wani sauti daga rumfar aikin mahaifina. Ba bugun guduma ba ne, don bugun guduma na san shi tun ina goye. Wannan a dushe yake fitowa, kamar wani yana ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashin ruwa. Dum, dum. Ya yi shiru. Can kuma dum, dum, dum.

Waɗanda suka daɗe suna bin labarina sun san gidanmu. Sababbin zuwa kuma, sunana Adjeley, 'yar Ataa Laryea mai sassaƙa akwatunan gawa a Teshie, garinmu na bakin teku. Masunci ya rasu, a yi masa kifi ko kwalekwale. Direba a yi masa mota, manomi a yi masa ƙaton barkono. A tsakanin waɗannan na yi wasan ɓuya ina yarinya, ban taɓa jin tsoronsu ba, domin babu komai a cikinsu sai ƙamshin katako da fenti. Amma a daren nan sai da na tsorata.

Na kunna fitilar waya na shiga. Awo, wato mahaifiyata, tana biye da ni riƙe da ludayi, kamar ludayi zai yi wa fatalwa wani abu. Akwatin zaki yana nan a kusurwarsa da baki buɗe, jirgin sama yana jingine bai samu fiffike ɗaya ba. Sautin kuwa daga cikin kaza yake fitowa, wata farar kaza mai ɗigon baƙi da aka yi odarta don wata tsohuwa mai 'ya'ya da yawa. Na ɗauki ƙarfe na danna ƙarƙashin fiffikenta inda na san ana dannawa. Murfin ya ɗaga. Ga Ataa kwance cikin singileti, zufa ta jiƙa shi sharkaf, yana kallon rufin kwano.

"Ataa! Me kake yi a cikin kazar mutane?"

Bai dube ni ba. Ya ce a hankali, "Gaskiya ne, Adjeley. Ba ya buɗuwa ta ciki."

Awo ta dafe ƙirji. "Sai yau ka sani? Ka yi furfura kana yin su, sai yau?"

"To wa ya taɓa dawowa ya kawo mini ƙara?"

Na so in yi dariya, kuka ne ya zo. Bari in koma baya kaɗan ku gane abin da ya kai dattijo cikin kaza.

Odartey, wanda zuciyata take wurinsa, mai haɗa fitilun dandamali ne. Yana aiki da Amorkor, mawaƙiyar nan tamu da waƙoƙinta suka cika motocin haya da shagunan aski. Da ta shirya zagaya duniya da wasanta, ba waƙa kawai ta so ba. Ta so a mayar da dandamali teku, da shuɗayen yadudduka masu kaɗawa, da 'yan rawa cikin shigar masunta suna jan koma, ita kuma a ɗauko ta a kafaɗa cikin akwatin gawa mai siffar jan kifi, irin wanda aka binne kakanta a ciki, sannan ta fito tana waƙa. Odartey ne ya ce ya san wanda zai yi kifin. Ataa ya yi shi da dukan zuciyarsa. Kowane ɓawo na jikin kifin da hannu ya fitar da shi, idanun kuwa har bin mutum suke yi da kallo.

Sai dai a wurinmu ba a kai gawa kushewa shiru. Masu ɗauka rawa suke yi da ita, su karkata, su durƙusa, su miƙe. Saboda haka Ataa yana yi wa kowane murfi wani harshen katako da yake faɗawa raminsa da kansa da zarar an rufe, don kada a yi abin kunya a tsakiyar titi. Hannunsa ya saba, bai ma yi tunani ba ya yi wa kifin Amorkor irinsa. Ita kuma duk lokacin gwaji ba ta yarda a rufe ta ruf ba. Wa zai yarda, yana da rai? Sai a sa ɗan tsumma a bakin murfin. Daren Talata a Landan, daren farko, 'yan rawa suka ji kiɗa ya shige su, suka girgiza kifin yadda ake yi a gida. Tsumman ya faɗi.

Da safiyar Laraba bidiyon ya riga ya shiga kowace waya a Teshie. Na kalle shi har na haddace. Kifi a tsakiyar dandamali, fitila a kansa, makaɗa sun kai inda ya kamata ta fito, ba ta fito ba. Suka maimaita. Suka sake maimaitawa. Sai suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Makirfon da ke bakinta a kunne yake, don haka duk zauren yana jin numfashinta da bugun hannunta a jikin katako. Can sai ga wani dogo cikin baƙar riga ya sauko daga tsanin fitilu da gudu, da sukundireba a hannu. Odartey ne. Ya sha zama a rumfar nan yana jirana in gama shiri, ya ga inda ake dannawa. Ya buɗe, ya ɗauko ta cak ya tsayar da ita. A nan wanda ya ɗauki bidiyon ya yanke.

Ranar nan mun ga duniya. Wani mai surutu a rediyo ya ce kafintan Teshie ya so binne mawaƙiyar ƙasa da ranta. Masu kira suna shigowa suna ƙara gishiri. Awo ta fita da tirenta na kifi, ta dawo tun kafin rana ta yi tsaka, domin kowa ya tsaya sai ya ce, "Anti, wannan kifin dai yana buɗuwa ko?"

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne saƙon murya daga Anti Oboshie, mahaifiyar Odartey. Asabar ɗin nan ce aka sa danginsa za su zo ƙwanƙwasa ƙofa, su gabatar da kansu su nemi aurena. Kun san wahalar da aka sha kafin ta amince. Mai shagon atamfa ce a kasuwar Makola, shugabar mata a cocinsu, kuma tun farko ta ce ɗanta ya rasa inda zai nemi mata sai gidan da ake auna mutane a kwance. Saƙon gajere ne, muryarta kamar an goge da dutsen guga.

"Adjeley 'yata, ki gaida iyayenki. Maganar Asabar, mu ɗan dakata mu ga yadda ƙurar nan za ta kwanta. Sunan gida ba abin wasa ba ne. Allah Ya yi miki albarka."

Awo ta sa na kunna mata har sau biyu. Ta kalli kayana da ke rataye a bayan ƙofa cikin leda, farin leshi mai zanen shuɗi, riga mai faɗin wuya da dogon siket mai tsaga, ga ɗankwalin da muka zaɓa tare. Ta ce, "Sa'anninki duk sun tafi. Akweley ta gidan baya tana goyon na biyu. Wannan ya kuɓuce, ki gaya mini wane namiji ne zai sake shigowa gidan nan ya wuce ta gaban zaki da kaza don ya gaishe ki."

Na rubuta wa Odartey: "Mamanka ta ce a dakata."

Shiru. Na sake: "Kana lafiya? Sun kore ka?"

Sai da yamma ya amso: "Muna taro tun safe. Amorkor ba ta magana da kowa. Nan komai yana hannun manyan masu sharhi na jaridu, gobe nasu zai fito. Idan suka yanka wasan, sauran biranen za su janye, kuma sunan Ataa ne zai fita. Kada ki kira, ki yi addu'a."

Na rubuta, "Kai fa?" Na goge. Na rubuta, "Ka ci abinci?" Na tura.

To kun ji abin da ya sa Ataa ya shiga kaza ya ja murfi. So yake ya ji abin da yarinyar mutane ta ji. Muka fito da shi, na ba shi ruwa. Ya zauna a kan benci yana murza gwiwa, ya ce, "Duhun ba komai ba ne. Abin da ya fi shi ne kana jin mutane a waje suna harkarsu." Awo ta je ta ɗauko masa riga.

Da safe ƙarar waya ce ta tashe ni. Saƙonni a jere daga Odartey, duk hotunan shafukan jarida, babu kalma ɗaya tasa. Na fita tsakar gida da wayar. Ataa yana zaune da kokonsa bai taɓa ba, Awo tana hura gawayi.

"Sun fito," na ce.

"Karanta," in ji Awo. "Kada ki tausasa, ki faɗe shi yadda yake."

Na fara da na farko, ina karantawa da Turanci a zuci ina juya musu. Wata mata ce ta rubuta. Ta ce ta shekara da shekaru tana kallon mawaƙa suna saukowa daga rufi a kan igiya, suna fitowa daga hayaƙi, suna tashi kamar tsuntsaye, kuma ba ta taɓa jin tsoro don ɗayansu ba sai a daren nan. Ta ce da kiɗa ya tsaya, zaure cike da dubban mutane ya yi tsit har tana jin agogon na kusa da ita. Sannan ta ba da labarin abin da bidiyonmu ya yanke: da aka fito da Amorkor ba ta nemi makaɗa ba. Ta tsaya tana haki, kwalliya ta zubo mata, ta fara waƙar kakanta masunci da murya tsirara, mai rawa, jama'a suka ɗauka tare da ita ba su ma san harshen ba.

Awo ta bar fifita wuta. "Yabo ne wannan ko zagi?"

"Yabo ne, Awo."

"To ci gaba."

Na biyu namiji ne, kuma da alama ba ya yabo kyauta. Ya ce wasan ya yi tsawo, ta canja kaya fiye da kima, tsakiyarsa ya kwanta, akwai wata rawa da aka yi da laima da bai ga dalilinta ba. Amma ya ce duk wanda zai iya samun tikiti ya je don jan kifin nan, wanda ya fi duk injunan dandamalin rai. Har idanun ya ambata, ya ce sun bi shi har gida.

Ataa ya ɗago. "Ya ga idanun?"

"Ya gani."

"Uhm." Ya jawo kokon ya kurɓa.

Na uku ne mai tsami. Ya ce makalewar nan dabara ce aka shirya don a matse wa mutane hawaye, kuma shi ba a yaudararsa da irin wannan. Ataa ya ajiye kofi da ƙarfi.

"Dabara? Ni ne zan rufe 'yar mutane don dabara? Kuskure na yi! Rubuta masa, ki ce Laryea na Teshie ya ce kuskure ne."

"Rufe mana baki!" in ji Awo. "Allah Ya rufa maka asiri kana neman yaye zanen? Su ce dabara ce, su ce tsafi ne, ina ruwanka? Ka bari a yi Asabar tukuna."

"Ba zan ci yabon ƙarya ba."

"To ka ci zagin gaskiya, 'yarka ta tsufa a gabanka."

Ina tsakaninsu, wallahi ban san bayan wa zan bi ba. Zuciyata tana wurin Awo, kunyata tana wurin Ataa. Sai waya ta yi ƙara, kiran bidiyo. Odartey ne, idanunsa sun yi ja don rashin barci, amma haƙoransa duk a waje.

"Adjeley, ba Ataa wayar. Akwai mai son magana da shi."

Fuskar da ta cika wayar ba ta da kwalliya ko kaɗan, kai ɗaure da ɗankwali kamar kowace 'yar unguwa. Amorkor ce. Ataa ya miƙe tsaye, ya cire hular da ba ta kansa.

"Ataa, ina kwana. Kifinka ya kusa cinye ni."

"'Yata, ki yafe mini. Hannuna ne ya yi abin da ya saba. Jiya na shiga ɗaya na ji da kaina."

Ta fashe da dariya har tana share ido. "Ka shiga? Wanne?"

"Kaza."

"Wayyo cikina! Ataa, ka kwantar da hankalinka. Na yi fushi jiya, ba zan ɓoye maka ba. Amma da safen nan 'yan jarida sun tambaye ni ko shiri ne, na ce musu a'a. Na ce akwatin gaskiya ne, daga hannun mai yin na gaskiya, kuma a garinmu ba a yin su don a fito. Na faɗi sunanka da na Teshie. Yanzu haka biranen da suke jan ƙafa su ne suke roƙon a ƙara musu dare."

Ataa ya dubi Awo. Awo ta dubi gawayinta.

"Abu ɗaya nake so," in ji Amorkor. "Za mu bar wurin nan a wasan, shirun da bugun duka. Amma ka nuna wa Odartey yadda zai sa mini sakata ta ciki, in san tana nan ko ban taɓa ta ba. Shi kuma zai riƙa saukowa yana buɗe ni kowane dare, yadda ya yi. Mutane sun so shi."

Ataa ya karɓe wayar daga hannuna ya shige rumfa, yana nuna wa Odartey cikin kazar, yana faɗa masa inda zai huda da inda ba zai taɓa ba. Ni kuwa na zauna a kan turmi. Iskar teku ta shigo ta kan katanga da warin gishiri, na shaƙe ta har ƙasan ciki.

Kafin azahar rediyon da ya zage mu ya koma kiran Ataa gwanin ƙasa. Mai surutun nan har cewa ya yi shi dama ya faɗa. Awo ta fita da tire, ta dawo babu ko kan kifi.

Ban rubuta wa Anti Oboshie komai ba. Na ɗauki wayar na ajiye ya fi a ƙirga, amma na daure. Da la'asar ina shara sai ga tasi ta tsaya a ƙofar gida. Anti Oboshie ta fito cikin atamfa mai ruwan zuma, da sarƙa da jaka da takalmi duk launi ɗaya, turarenta ya riga ta shigowa. Matar da ba ta taɓa taka gidanmu ba. Na durƙusa na karɓi jakarta, Awo ta goge kujera da gefen zanenta.

"Wucewa nake yi," in ji ta, alhali Makola da Teshie ba hanya ɗaya ba ce. "Na ce bari in gaida surukaina."

Surukaina. Awo ta taka mini ƙafa a ɓoye.

Aka kawo ruwa, ta sha, aka tambayi labarin hanya. Ta ce tun safe shagonta bai huta ba, kowa yana zuwa yi mata barka da ɗanta ya fito a jaridar Turawa. Har matar fasto ta kira. Sannan ta gyara zama ta dube ni.

"Saƙon jiya, hawan jini ne ya yi magana, ba ni ba. Asabar tana nan. Kawunnansa za su iso da hantsi, kada a cika yaji a shito, miyar barkonon nan, babbansu ba ya so."

Na sunkuyar da kai don kada ta ga bakina. Na ce, "To, Anti."

Ta nemi a kai ta rumfa. Ta zaga a hankali tana riƙe da gefen zanenta, ta wuce zaki, ta tsaya gaban jirgin sama, ta shafa bayan kazar da yatsa ɗaya. Ta ce, "Ataa Laryea, ana iya yin turmin atamfa? A naɗe, da zanensa da komai?"

"Ana yi, Anti. Amma ba yanzu ba, da sauranki."

"Na sani. Ina dai faɗa ne tun da wuri. Kuma nawa ka sa masa sakata ta ciki."

Ataa ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun da aka ɗauki kifin nan aka kai filin jirgi. Awo ta riƙe ciki. Ni ma na yi, hawaye na zuba, ban damu da wanda ya gani ba.

Muna rako ta bakin tasi sai ga Maa Tawiah maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga, tabarau a karan hanci, waya a hannu. Tun jiya take zuba mana ido kawai. Ta juyo mana da fuskar wayar. Hoton da ya cika jaridun ne: Odartey ya ɗauko Amorkor daga bakin kifi, hannunta zagaye da wuyansa, kanta a ƙirjinsa, fitila ta zubo musu kamar ruwan zinariya.

"Barkanku da arziki," in ji ta. "Na ji an ce an ƙara musu birane har ƙarshen shekara. To shi yaron nan da zai riƙa ɗaukar wannan a hannu kowane dare, yaushe zai dawo ya ɗauki tamu?"

Anti Oboshie ta shiga neman wani abu a cikin jakarta. Awo ta juya tana kiran Ataa, alhali ga shi tsaye a gefenta. Ni kuma na dubi wayata, saƙona na ƙarshe ga Odartey yana nan, an karanta, ba a amsa ba.